Jimla Ashirin a Kan Ɗakinmu

Zuwa ga sanyin idona, hasken gidana, ruwan da nake sha in na kwaso rana, rabin raina, matata, nas ɗina ni kaɗai,

Gaisuwa mai yawa, wadda ta fi ƙarfin wannan takarda, daga mijinki mai sito, wanda wata goma sha huɗu ke nan yana buɗe ƙofar gida da yamma, ya yi sallama, ba mai amsa masa. Ya ke inuwata ta tsakar rana! Ya ke iskar da ke riga ruwan sama isowa! Kina lafiya? Tsofaffin da kike jinya suna barinki ki huta kuwa? Sanyin nan da kika ce yana shiga har cikin ƙashi, kin samu rigar da za ta tare miki shi? Ni dai ina ci ina sha, amma ba zan yi miki ƙarya in ce lafiya lau nake ba. Kewarki ta zauna min a ƙirji, ta miƙe ƙafa, ba ta da niyyar tashi. Da ita nake buɗe sito, da ita nake rufewa.

Na zaɓi biro da takarda ne don a waya kin fi ni baki, ni kuma da na ji muryarki sai duk abin da na shirya faɗi ya watse. Kin san abin da ke tsakaninmu. Takardar da za ta ba ni izinin biyo ki tana hannunki tun mako shida, sa hannunki kawai take jira, kuma ƙarshen watan nan za a rufe karɓa. An ce ni in ci jarrabawar Sifaniyanci, ke ki sa hannu. Ina nan ina fama da nawa ɓangaren. Naki ne ban san makomarsa ba, tun ranar da na kira ki da safe, kin fito daga aiki ko takalmi ba ki cire ba, ban tambaye ki gajiya ba, ban tambaye ki ko kin karya ba, na ce ina kika ajiye min takardar haihuwata. Kika gaya min inda take, ko tunani ba ki tsaya yi ba. Sannan kika ce: "Maigida, tsakaninka da Allah, ni kake kewa ko mai nemo maka kaya? In mai nemo kaya ce, ka zauna inda kake, ka ɗauki 'yar aiki. Ni nan ɗaga mutane nake yi safe da yamma, ba zan iya ƙarawa da kai ba." Na ji haushi, na kashe waya, na yi kwana uku ina hura hanci ni kaɗai a gida ba mai gani. Wannan wasiƙa amsar tambayarki ce, ko da ta makara.

Bari in fara ba ki labarin makaranta, ko za ki ɗan yi dariya. Ajin da kika yi ne, wanda ke saman shagon tela, har yanzu ana jin ƙarar kekensa ta ƙarƙashin ƙafa. Mu shida ne: 'yan mata uku ma'aikatan jinya masu son bin sawunki, wani direban babbar mota, wani kuku, sai ni, dattijon aji. Malama tana nan yadda kika bar ta, tsohuwa mai tabarau a ƙarshen hanci, ba ta ɗaga murya amma in ta yi maka magana ɗaya sai ka kwana kana juya ta. Bayan la'asar muke shiga, sau uku a mako.

Mako biyu da suka wuce muka iso darasin faɗin inda abu yake. Malama ta ciro makullinta ta ɗora a kan tebur, ta ce encima. Ta cusa shi ƙarƙashin littafi, ta ce debajo. Ta ajiye shi gaban kofi, delante. Ta zagaya da shi bayan kofin, detrás. Sannan ta koya mana tambayar kanta, dónde está, wato yana ina. Wallahi, abar ƙaunata, kafin ta rufe baki na maimaita, ko gargada babu! Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Mai sito, yau kai ne gwarzo, ina ka samo wannan?" Ban gaya mata cewa shekara tara na yi ina atisayen wannan tambaya a gida ba, harshen kawai aka sauya min. Direba kuwa da aka zo kansa sai ya ce Malama tana ƙarƙashin tebur. Ta ce masa in ya sake tura ta can, tare za su shiga.

Na ɗauka darasin nan gonata ce. Ni fa! Ni da ke tsaron sito mai kanta ɗari da wani abu, in makanike ya shigo ya ce filogi, ko bel, ko noti mai lamba goma sha uku, ba na ko ɗaga kai, ƙafata ce ke kai ni, hannuna ya ɗauko. Ashe kin manta yadda muka haɗu? Kin shigo da wani ƙaramin noti a ƙulle cikin hankici, na babur ɗin yayanki, kin zaga shago huɗu ba a samu irinsa ba. Ruwa ya ɗan taɓa ki, mayafinki ya jiƙe a kafaɗa, kina ta ba da haƙuri don kin ɗiga min a ƙasa. Na karɓi notin na murza shi tsakanin yatsu biyu, na rufe idona da gangan don in burge ki, na shiga layi na huɗu na fito da ɗan'uwansa. Kika yi dariyar nan taki, hannu a baki, kika ce, "Wanda ya san mazaunin kowane noti, ai ba zai yar da mutum ba." Wayyo, da kin san wanda kike yabo! Ranar na koma gida ina taka ƙasa kamar ba ta da tauri, na manta ban karɓi kuɗin notin ba, kuma har yau ban yi nadama ba.

To, sai Malama ta ba mu aikin gida: kowa ya rubuto jimla ashirin a kan ɗakinsa, daga ka, ba tare da ya duba ba. Na zauna a sito da tsakar rana, lokacin da kasuwa ta lafa, na gyara zama kamar alƙali. Kujerata tana gaban talabijin. Rediyona yana kan tebur, gefen taga. Huluna suna cikin kabad. Na kai bakwai, sai biro ya tsaya. Almakashi yana ina? Dutsen guga fa? Allura, tocila, maganin ciwon kai? Gidan da na yi shekara tara a cikinsa, ashe baƙo ne ni mai makulli. Duk abin da na taɓa buƙata, murya ce ke fitowa daga kicin ta gaya min inda yake, in na yi jinkiri kuma hannu ya miƙo min shi. Don haka na yi satar amsa, na rufe sito da wuri na tafi gida in duba da idona.

Na buɗe, na leƙa, na durƙusa, har da rarrafe. Ya ke mai hikima, ashe haka kika tsara min duniya ban sani ba? Huluna daidai tsayin idona, don kada in ɗaga kai. Maganin cikina a hagun gado, don ni bahago ne. Tocila a bakin ƙofa, inda hannu zai faɗa mata in an ɗauke wuta. Na ci gaba da nema don in cika ashirin. Akwatin kayanki yana ƙarƙashin gado. Keken ɗinkinki yana bayan ƙofa, a rufe da tsohon zane. Takalmanki suna ƙarƙashin kabad, cikin kwali. Takardar shaidarki ta jinya, wadda kika sa aka yi mata gilashi, tana bayan kabad, fuskarta tana kallon bango, domin ƙusa ɗaya ce a falo kuma kalandar da masu batir suka ba ni ce a rataye a kai. Na rubuta duka, ina murna, ina ta lissafin yabon da zan sha. Ko a lokacin ban ga komai ba. Jimloli kawai nake gani.

Washegari Malama ta karanta. Ta gyara min wuri biyu, inda na sa está a kan takalma, alhali da yake suna da yawa están ya kamata. Da aka tashi ta ce in tsaya. Ta cire tabarau, ta ɗauki jan biro ta ja layi ƙarƙashin wasu kalmomi, ta juyo min da littafin. Ta ce, "Ɗana, nahawunka ya yi, ba ni da ta cewa. Amma duba nan. Duk abin da ka ce naka ne, yana sama ko yana gaba. Duk abin da ka ce na matarka ne, yana ƙarƙashi ko yana baya. Haka gidan yake, ko kalmomi ne suka ƙare maka?" Na ce haka yake, Malama. Ta ce, "To saura jimla ɗaya. Kujerarka tana gaban talabijin, mun ji. Ita a ina take zama?"

Wayyo, hasken idona! Na nemo ki a cikin kaina ta kowace kusurwa, na gan ki kina shigowa da tire, na gan ki kina fita da wanki, na gan ki a tsaye kina guga, a sunkuye kina shara, a guje kina neman jakarki don kada motar asibiti ta wuce ki. Amma a zaune? A falonmu? Ban gan ki ba! Doguwar kujerar da muka saya don mu biyu, kin san kwalayen sito na jibge a kanta, waɗanda na ce na kwana biyu ne, yau shekara shida. Na sauko daga benen nan, tela ya gaishe ni sau biyu ban ji ba.

Ranar Asabar Yaya, babbar 'yar'uwata, ta zo duba ni, kamar yadda ta saba tun tafiyarki. Na daure na ce, Yaya, don Allah, in ina kallon ƙwallo, a ina matata take zama? Ta ajiye ledar hannunta ta ƙare min kallo. Ta ce, "Au, sai yau? Kai dai an yi girman banza. Taso." Ta ja ni har bakin kicin, ta nuna min farin bokitin fenti mai murfi, wanda ya rage tun gyaran gida, wanda na sha tsallakewa ina cewa a fitar da shi. Ta ce, "Nan. Nan ta yi karatun ƙarin girma, nan ta koyi yaren da kake ta kuka da shi, littafi a cinya, kunne ɗaya a wurinka ko za ka kira. Kowa ya sani, har maƙwabta. Kai kaɗai ne ba ka waiwaya." Ba ta faɗi ƙarya ba.

Da ta tafi na zauna a kai. Murfin ya lotsa a tsakiya, daidai zamanki. Minti goma ban yi ba gwiwoyina suka fara ƙorafi, bayana ya nemi abin jingina ya rasa. Na ɗaga ido in ga abin da kike gani duk waɗannan shekaru. Daga nan ba a ganin talabijin, ba a ganin taga, ba a ganin ƙofa. Bayan kujerata kawai ake gani. Ƙeyata kika yi shekaru kina kallo, masoyiyata, ƙeyar mutumin da ke ihu don wani ya ɓarar da ƙwallo a wata ƙasa!

Na buɗe murfin. Littattafanki ne a ciki, a jere, an naɗe su da leda don kada danshi ya taɓa. Na san bai kamata in karanta ba, ki yafe min, na karanta. A na uku na tarar da darasin nan, aikin gida iri ɗaya, da ƙananan rubutunki mai karkata. Makullin mijina yana kan tebur. Maganin mijina yana gefen gado. Hulunan mijina suna cikin kabad. Har ashirin, ba kuskure ko ɗaya, kuma ba naki ko ɗaya. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa Malama ta cire tabarau: ta riga ni karanta ɗakin nan. Na rungume littafin a bakin kicin na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar Baba, kuma ba na jin kunyar gaya miki.

Yanzu ga amsar tambayarki, ba kwana-kwana. Da farko duka biyun nake kewa, ke da mai nemo min kaya, har ban iya raba su ba. Gaskiyarki ce. Amma yau mako biyu ke nan na san inda komai yake a gidan nan. Ki tashe ni daga barci ki ce allura, zan ce cikin gwangwanin madara, bayan sabulu. Ki ce almakashi, zan ce ƙarƙashin zanen keke. Da Hausa zan faɗa, da Sifaniyanci zan faɗa. Ban nemi komai na rasa ba, ban buƙaci kowa ya miƙo min komai ba. To me ya sa kewar ba ta ragu ba? Me ya sa ta ninka? In mai nemo kaya nake nema, ai da yanzu na warke!

Abin da nake nema ba ya cikin kabad. Ina kewar waƙar da kike yi in kina guga, wadda ba ki taɓa sanin baitinta na biyu ba. Ina kewar atishawarki uku a jere, da yadda kike jira in ce miki sannu kafin ki yi ta ukun. Ina kewar warin sabulun asibiti a tafin hannunki, da gardamarki da mai karanta labarai a rediyo, da yadda kike cinye gefen burodi ki bar min tsakiya kina cewa gefen kika fi so. Yanzu ma ban tabbata gefen kika fi so ba. Ki gaya min! Akwai abubuwa da yawa da nake so in tambaye ki, ba ko ɗaya da ya fara da ina kika ajiye. Ya ke furen da ya tsiro a bayan ƙofa bai yi ƙorafi ba, yaya aka yi na kwana kusa da ke shekara tara, sai da teku ta shiga tsakaninmu na fara ganinki?

Na mayar da kwalayen sito. Na sauke kalanda, na rataye takardar shaidarki a ƙusar, na goge mata ƙura da hannun rigata. Ba na gaya miki don ki yaba min ba ne. Na san gyaran ɗakin da mai shi ta bari ba abin alfahari ba ne. Kuma ba na roƙonki ki dawo. Kin sha wuya kafin ki kai inda kike, ba zan ce ki sauko don ni na farka a makare ba.

Roƙona biyu ne. Na farko, ki rubuto min ɗakinki. Wata goma sha huɗu ban taɓa tambaya ba. Gadonki yana ina, tagarki tana kallon me, kofinki a ina kike ajiye shi in kin dawo a gajiye? Kina da kujera? Tana da abin jingina? Ki rubuto da kowane harshe kika ga dama, zan zauna in karanta har in haddace.

Na biyu kin san shi. Ranar Alhamis mai zuwa zan shiga jarrabawa, kuma in Allah ya so zan ci. Na riga na gaya wa mai sito na ainihi, wanda nake yi wa tsaro, ya fara neman wanda zai gaje ni, ya ce na haukace, mutum mai shekaruna ya bar inda ake girmama shi ya tafi inda ba wanda ya san shi. Na ce masa na sani. Na san can ba ni da kanta, ba ni da kujera, ba mai shigowa ya ce ranka ya daɗe. Wanke-wanke ne, ɗaukar kaya ne, duk wanda na samu zan yi. Jaka ɗaya zan zo da ita, na ma auna ta, ba ta da girma. Ɗakinki ne, ke kika kafa shi da guminki. Ki nuna min ƙarƙashin gado ko bayan ƙofa in tura ta, ba za ki ji bakina ba.

In kuma kika duba zuciyarki kika ga ba za ki iya sa hannu ba, ba zan riƙe ki da komai ba, kuma ba zan sake kashe miki waya ba. Zan zauna a nan ina mijinki, in jira hutunki, in jira na bayansa, in jira har ranar da kika yarda cewa ke nake nema. Amma ina roƙonki, sanyin idona, don girman Allah, kafin wata ya ƙare ki ɗauko takardar nan ki sake dubawa. Ban san inda kika ajiye ta ba, kuma wannan karon ba zan tambaya ba.

Naki ni kaɗai, yau da gobe har numfashi ya ƙare, a duk inda kika ajiye ni,

Mijinki mai sito.